Ƙafa da Idon Malam Birki

A makarantar koyon tuƙin da ke bayan gidan mai, ba wanda ke kiransa da ainihin sunansa. Malam Birki kowa ya sani, tun daga manaja har matar da ke share ofis. Ɗalibai ne suka laƙaba masa tun yana da baƙin gashi, domin ba kalmar da ta kai wannan yawa a bakinsa. Wani malamin da sitiyari zai fara maka, wani da giya. Shi kuwa ranar farko ko tada mota ba zai bari ka yi ba, sai ya sa ka zauna ka yi ta taka birki kana saki har cinyarka ta ɗauki zafi. Yakan ce tafiya kowane sakarai ya iya, tsayawar ce ake zuwa makaranta dominta.

Gajere ne kakkaura, kullum cikin takalmi sau-ciki da safa, ko ana zafin da kwalta ke narkewa. Motar da yake koyarwa da ita wata ƙaramar fara ce mai birki biyu, ɗaya a ƙafar ɗalibi, ɗaya a gefen malami. Wannan na biyun shi ne abin alfaharinsa. Duk shekarun da ya yi yana zama kusa da mutanen da ba su san dama da hagu ba, ko fitila ba a taɓa fasawa yana ciki ba. Kafin ɗalibi ya gama ruɗewa, ƙafar Malam ta riga ta tsai da mota. Da ido ma yana taƙama. Sabon ɗalibi in ya zo, sai ya nuna masa wata mota can nesa ya ce ya karanto lambarta, in ya yi kuskure ya gyara masa ba tare da ya ko kanne ido ba. Abokin aikinsa Dogo, mai tabarau kamar gindin kwalba, ya sha tsiya a wurinsa. Mai ido huɗu yake ce masa, wai da huɗun ma sai an nuna masa inda titi yake.

Abin da ba wanda ya sani a makarantar shi ne Malam Birki yana da ciwon suga, kuma ya daɗe da shi. Tun autarsa tana firamare aka gaya masa, lokacin da ƙishirwa ta addabe shi, fitsari ya hana shi kammala darasi ba tare da ya faka mota ya zaga ba. Ya sha ƙwayoyin da aka ba shi na wani lokaci, ya ji ya dawo garau, sai ya watsar. Maiɗakinsa kaɗai ta sani, ita ma ya ja mata kunne kada ko 'ya'yansu su ji.

Dalilin ɓoyon ba nisa gare shi ba. A bakin ƙofar makarantar akwai teburin mai shayi, inda malaman tuƙi da kanikawan layin ke haɗuwa da safe. A cikinsu an taɓa yin wani bakanike mai suga, wanda ya yi gangancin faɗa musu. Tun daga ranar bai sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Kullum sai an tambaye shi ko injin gida yana tashi, ko sai an tura, ana ƙyaƙyatawa ana buga tebur. Wanda ya fi kowa iya tsara wannan tsokanar kuwa Malam Birki ne. To, da wane baki zai zo yanzu ya ce a zuba masa shayi ba suga? Sai ya ci gaba da karɓar kofinsa yadda ya saba, mai kauri, mai zaƙi har yana kama leɓe, yana sha yana ba da labari.

Ƙafa ce ta fara magana. Da fari kamar kiyashi ke yawo a tafinta, wani lokaci kuma kamar ana tsira masa allura a yatsu. Ya ce zaman mota ne. Maiɗakinsa ta riƙa shafa masa man zafi, tana yi tana cewa ya koma asibiti, yana cewa to. Da tafiya ta yi tafiya sai zugin ya ragu, har ya ce mata ga shi nan ya warke ba likita. Bai san cewa jin ne gaba ɗaya yake ɗaukewa ba. Sai dai yana lura in ya taka ƙasa, kamar akwai katifa tsakaninsa da ita.

Wata rana makullin kwaɗon gareji ya ɓata. Ɗan ƙaramin makulli ne, kuma a hannun Malam yake zama. Ya lalube aljihu, ya zazzage akwatin gaban mota, ya ɗaga kujeru, babu. Sai ya tuna Dogo ya shiga garejin da safe, nan take ya ɗora masa. A tsakar makaranta, gaban ɗalibai, ya ce mutum da ido huɗu amma ba ya ganin inda yake yar da kayan mutane. Dogo ya rantse bai taɓa makullin ba, ya juya aljihunansa waje kamar wanda aka kama a kasuwa. Daga ƙarshe sai da aka fasa kwaɗon da guduma.

Da yamma Malam ya koma gida yana ta mita, ya zauna bakin gado ya cire takalmi. Maiɗakinsa ta sunkuya za ta ɗauke, sai ta ga safar dama ta jiƙe ta manne da fata. Ta kifa takalmin, makullin ya faɗo a siminti. Da rana ne da ya cire takalman don ya sha iska ya jefa shi ciki kada ya ɓata, ya manta, ya mayar da ƙafarsa a kai. Tun rana har yamma yana taka ƙarfe, ya huda masa fata a ƙarƙashin babban yatsa, bai ji komai ba.

Ta ɗebo ruwa a roba ta fara wanke ciwon. Shi kuma ya ƙura wa makullin ido, fuskar Dogo da aljihunansa a waje tana yi masa gizo. Washegari ya jefa makullin a kwata a hanyarsa ta zuwa aiki. Ya saya wa Dogo shayi da burodi ba tare da ya faɗi dalili ba, Dogo ya karɓa yana mamaki.

Ciwon ya ƙi warkewa, ya fara wari, dole ya bi maiɗakinsa asibiti. Likitar da suka samu yarinya ce, ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da shan magani, ya fara kame-kame, maiɗakinsa ta amsa masa da gaskiya. Bayan an wanke ciwon an ɗaure, likitar ta sa ya miƙe ƙafafu a kan gado, ta ɗauko wani siririn abu mai kama da gashin burushi, ta ce ya rufe ido, duk sanda ya ji ta taɓa shi ya ce eh.

Ya rufe ido ya jira. Bai ji komai ba. Shirun ya yi masa tsawo, sai ya ce eh. Ya ɗan dakata ya sake cewa eh, da ƙarfi, kamar mai tabbaci. Da ya ƙara na uku sai ya ji ɗakin ya yi wani irin tsit, ya buɗe ido. Likitar tana can wajen tebur tana neman safar hannu, ba ta ma fara ba. Maiɗakinsa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Gumi ya karyo masa, ya ji da ma gadon ya buɗe ya haɗiye shi.

Likitar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma nuna ta ji ba. Ta zo ta yi gwajin yadda ya kamata, ta taɓa wurare da dama a ƙafafun biyu, kaɗan ne ya ji. Sai ta jawo kujera ta zauna, ta tambaye shi ko an taɓa duba masa ido. Ya ce ƙafa ya kawo, idonsa lafiya lau, shi da ke karanta lambar mota daga ƙarshen layi.

"Baba, ciwon ɗaya ne," in ji ta. "Sugan da ya daɗe da yawa a jini yana cin ƙananan hanyoyin jini, waɗanda suka fi gashi siranta. Su ke ciyar da jijiyoyin da ƙafa ke ji da su, irinsu ne kuma a shimfiɗe can bayan ido. In na ga ƙafa ta kai haka, ba na sakin jiki da ido sai an leƙa cikinsa."

Ta yi masa bayanin cewa na ido ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, mutum yana iya karatu tar alhali hanyoyin suna yoyo a ciki. Ba kowa ne abin ke haɗe wa ba, amma da yawa waɗanda ƙafarsu ta daina ji akan tarar idon ma ya taɓu, kuma in an kama da wuri ana iya tare shi. Ta ce daga nan su wuce ginin da ke kallon wannan, wajen masu ido.

Sun je har bakin ginin. Malam ya hango layin mutane a kan benci, wasu da auduga manne a fuska, wasu 'ya'yansu na riƙe da hannunsu. Ya tuna rabin masu mota a garin shi ya koya musu tuƙi. In ɗaya ya gan shi a wannan benci, kafin ya isa gida labari ya riga shi zuwa teburin mai shayi, daga nan kuma sai ofishin manaja. Wa zai ba da ɗansa ga malamin tuƙin da ake duba wa ido? Ya ce wa maiɗakinsa layin ya yi yawa, yana da ɗalibi da rana, za su dawo. Ta dube shi irin duban da ya fi faɗa ciwo, ta bi shi suka tafi.

Maganin dai ya koma sha, a gida, ƙofa a rufe. Ciwon yatsa ya warke a hankali, amma jin ƙafa bai dawo ba. Sai ya shiga dabaru. Ya riƙa kafa dunduniya a wuri ɗaya don ya san inda birki yake, yana satar kallon ƙafarsa kamar mai duba ko igiyar takalmi ta kwance. Hannunsa na kusa da birkin hannu kullum. Ya daina kai ɗalibai babban titi, ya ce sai sun ƙware a lungu.

Ba a jima ba abin da likitar ta faɗa ya fara leƙowa. Wasu baƙaƙen zarurruka suka riƙa yawo a gabansa kamar yanar gizo-gizo, in ya kai hannu ba komai. Wata safiya ya tashi ya ga gefen idonsa na hagu kamar an hura hayaƙi. Ya yi ta goge gilashin mota yana zagin masu wanki. Gwajin lambar mota kuwa bai fasa ba, don fasawa zai jawo tambaya. Sai dai yanzu duk abin da ɗalibi ya karanto, sai ya gyaɗa kai ya ce daidai ne. Maiɗakinsa ta gaji da tuni. Ranar da ta ga ya zuba ruwa a gefen kofi maimakon ciki, ta buɗe baki za ta yi magana, ya riga ta da faɗan wai an canza wa kofin wuri.

A cikin wannan hali aka ba shi wata sabuwar ɗaliba, dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, wadda kowa ke kira Hajiya. Ba ta da saurin ɗauka, amma ba ta fashi, ba ta kuma jin haushin gyara. Da ya taɓa tambayarta abin da ya kawo ta koyon mota bayan furfura, sai ta ce maigidanta ne ya daina tuƙi, yara kuma duk sun watse, ga zirga-zirgar asibiti. Bai bi ba'asi ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, suna cikin wani layi mai shaguna, za su sha kwana. Wani mai tura baro cike da lemo ya fito daga hagu. Malam bai gan shi ba sam, wurin ne daidai inda hayaƙin nan yake. Sai da Hajiya ta ja numfashi da ƙarfi sannan ya juya kai ya hango baron a gaban mota. Ya danna ƙafa iya ƙarfinsa. Motar ba ta tsaya ba. Hajiya ce ta lalubo nata birkin daga baya, amma bamba ta riga ta taɓa baron, ya kife, lemo ya watsu a titi har ƙarƙashin motoci. Da Malam ya sunkuya, sai ya ga takalminsa a dafe da ƙasan motar, gefen birkin, yana ta dannawa har lokacin. Da ya ɗago, ya ga Hajiya ma wurin take kallo.

Mai baron bai ji ciwo ba, amma kafin a ce me, mutane sun taru. Da suka ga jan harafin 'yan koyo da mace a sitiyari, sai kowa ya samu abin faɗa. Wani ya ce tsohuwa ta rasa abin yi sai kisan kai, wani ya ce ta koma gida ta yi renon jikoki. Wani direban haya ya leƙo ta taga ya ce, ai da ba don Malam Birki ne a ciki ba, da yanzu gawa ake ɗauka. Malam yana tsaye yana ba mai baro haƙuri, kalmar nan ta sauka masa kamar mari, amma bai gyara ba. Hajiya ta fito, ta tattare zanenta, ta durƙusa tana tsince lemo ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa cikin baro, ana ta yi mata surutu a ka.

Aka sasanta da mai baron, suka koma makaranta. Manaja ya fito ya duba bambar, ya tambayi yadda aka yi. Kafin Malam ya buɗe baki, Hajiya ta ce ita ce ta ruɗe ta taka totur maimakon birki, Malam ya yi iya ƙoƙarinsa. Manaja ya ce ba komai, abin da makaranta ta gada ke nan, ya dafa kafaɗar Malam ya ce yau dai an karya masa tarihi, amma ba laifinsa ba ne. Dogo ma ya zo yana yi masa jaje.

Ranar bai iya cin abinci ba. Zagin da aka yi wa matar nan ya tsaya masa a rai, amma rufa masa asirin da ta yi ya fi zagin ƙuna. Ya yi fatan kada ta dawo. Sai ga ta a ranar darasinta, da jakarta da ruwanta kamar kullum. Ta ce yau tana so ya koya mata shiga ƙofar gida da ribas, kuma a ƙofar gidanta take so a gwada, tunda nan za ta riƙa shiga. Suka kama hanya.

Gidan ba nisa. Tana tsai da mota a tsakar gida, sai wani dogon dattijo ya fito daga falo, yana bin bango da hannu, yana ɗaga ƙafa sama-sama yana sauke ta kamar mai taka ruwa. Fuskarsa na kallon inda ƙarar injin take, ba inda mutane suke ba. Hajiya ta ce masa ga malaminta. Dattijon ya miƙo hannu cikin iska, Malam ya yi sauri ya kama. Ya riƙe hannun Malam da hannu biyu yana ta godiya, ya ce Hajiya kullum sai ta yabi haƙurinsa, ya ce Malam ne zai mayar musu da ƙafar da suka rasa. Har ya yi raha cewa shi da ya yi shekaru yana hana ta taɓa makullin motarsa, yau ga shi zai zauna a gefe ya yi shiru. Malam ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Idonsa na kan ƙafafun mutumin, cikin wani takalmi mai laushi, ɗaya ta fi ɗaya gajarta daga gaba.

Da suka fito, Hajiya ta gangara gefen titi ta kashe mota. Ba ta dube shi ba, gilashin gaba take kallo.

"Malam, shi ma da ƙafa ya fara," ta ce. "Silifas yakan zame masa ya yi ta tafiya bai sani ba. Aka ce ya je a duba ido, ya ce yana gani. Ranar da ya yarda ya je, an riga an makara."

Ya ce shi ba abin da ke damunsa, takalmi ne ya zame. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce ta daɗe tana lura da yadda yake leƙen ƙafarsa, da yadda yake juya kai gaba ɗaya in zai duba hagu. Ta ce ba ta ɗauki laifin ranar nan don ya ci gaba da zama a kujerar ba, ta ɗauka ne don kada a tozarta shi a titi, ya samu ya sauka da ƙafarsa. Lemo ne wannan karon, in ji ta, ba ta san me zai fito daga hagu a karo na gaba ba.

Ita ta tuƙa su har makaranta, a hankali, tana ba da sigina tun daga nesa, shi kuma yana zaune kamar kaya.

Da ya gaya wa maiɗakinsa cewa gobe za su asibitin ido, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta tashi ta goge masa riga. Suka zauna a bencin nan da ya guda, ya ja hula har gira. Bai tsira ba kuwa: wani magidanci da ya kawo mahaifiyarsa ya gane shi, ya zo ya durƙusa yana gaishe shi, ya tambaya ko maiɗakin Malam ce ba lafiya. Malam ya ji ƙaryar ta zo masa har leɓe. Maiɗakinsa tana gefe, ta bar masa zaɓi. Ya ce a'a, shi ne. Mutumin ya yi masa fatan sauƙi ya koma wurin tsohuwarsa, ba abin da ya faɗo daga sama.

Aka ɗiga masa magani mai buɗe ƙwayar ido, aka sa haɓarsa a kan wata na'ura, aka haska ciki aka ɗauki hoto. Likitan idon, wani mai sanƙo mara yawan magana, ya juyo da allon ya nuna wa maiɗakinsa, don shi Malam dishi-dishi yake gani. Ya nuna mata ɗige-ɗigen jini, da wasu sababbin hanyoyi marasa ƙwari da suka tsiro inda bai kamata ba, su ne suka fashe suka zubar da jini a idon hagu. Ya tambaya tun yaushe ƙafa ta daina ji. Da aka gaya masa, ya girgiza kai kawai. Ya ce na dama akwai kyakkyawan fata in an fara aiki yanzu, za a ƙone wuraren da suka lalace da wani haske, a kuma yi allurai. Na hagu za a gwada, amma ba ya alkawari. Ya ƙara da cewa duk aikin banza ne in ba a riƙe suga da hawan jini ba. Maganar tuƙi kuwa, ya ce a ajiye ta.

Da suka fito rana ta dallare masa ido, maganin bai sake shi ba, komai ya zama fari fat. Ya tsaya a bakin titi ya kasa tsallakawa. Maiɗakinsa ta kama hannunsa. Tunda suka yi aure ba su taɓa riƙe hannu a waje ba. Ya so ya fizge, sai hon ɗin wata mota ya sa ya ƙara damƙe ta. Haka ta ja shi har inda ake hawa bas, tana gaya masa ga rami, ga tudu, kansa a ƙasa.

Zuwa wurin manaja ya fi masa asibitin wuya. Ya shiga ofis ya rufe ƙofa, ya faɗi ciwonsa, ya faɗi abin da likita ya ce, ya kuma faɗi yadda aka yi da baron lemo. Manaja ya saurare shi har ya gama. Da ya yi magana, cewa ya yi ya lura tun tuni Malam ya daina fita babban titi, ya yi zaton tsufa ne, amma da ya san haka ne da bai bar ɗan kowa ya shiga motar ba. Bai ɗaga murya ba, kuma bai sassauta ba. Ya ce 'ya'yan mutane amana ne, kuma Malam ya fi kowa sani. Malam ya ce haka ne. Daga ƙarshe manaja ya ce akwai ajin alamomin titi da dokokin hanya, wanda malamai ke gudu saboda ba fita, in yana so nasa ne.

Farar motar Dogo aka ba. Shi ya ƙarasa koya wa Hajiya har ta karɓi lasisi. Da labari ya isa teburin mai shayi, an yi tsokanar da ya ji tsoro, amma ba ta kai yadda ya zata ba, kuma ba ta daɗe ba. Wani ya fara maganar injin gida, Dogo ya ce masa ya sha shayinsa ya tashi, aiki na jira. Malam ya ji wannan ma ya yi masa nauyi, don ya san bai cancanci kariya daga Dogo ba. Maganar makulli dai har yau bai iya furta ta ba. Ya sha ɗaura niyya, in sun haɗa ido sai ya ɓige da tambayar lafiyar iyali.

Idon hagu bai dawo ba, haske da inuwa kawai yake bambancewa. Na dama ya tsaya inda aka tare shi, da tabarau yana karatu, yana gane fuska. Yana zuwa asibiti duk sanda aka sa masa, yau wajen ƙafa, gobe wajen ido, har ma'aikatan sun saba da shi. 'Ya'yansa da suka ji, babbar ta yi fushin an ɓoye musu, ta kwana biyu ba ta kira ba, daga baya ta aiko masa da na'urar gwada suga da takalma masu laushi.

Yanzu a wani ɗaki mai benci da fanka yake koyarwa, da sanda a hannu yana nuna alamomin da aka manna a bango, manya-manya yadda zai gani. Ɗalibai suna son ajinsa saboda yana da labari, ko da yake ya rage tsokana. Idan sababbi suka tambayi dalilin da ba ya fita da mota, wani lokaci ya ce suga ne ya taɓa masa ƙafa da ido, wani lokaci kuma ya ce ya gaji da titi ne kawai, ya danganta da yadda ya tashi.

Kowace safiya kafin ya sa safa, maiɗakinsa takan zauna a ƙasa ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta, ta duba tafin, ta buɗa tsakanin yatsu, ta zura hannu cikin takalman ta tabbatar ba komai. Yakan kau da kai ya kalli taga har ta gama. In jikoki sun zo hutu suna guje-guje a tsakar gida, sai ya ce ta tura ƙofar tukuna.